Ka Danna, Sai Me? Gyaran Bayanin Nema da Sauya Kalma a Manhajojin Rubutu

Shirin namu na yau na masu zama gaban kwamfuta ne: mai buga takardu a shagon bakin makaranta, sakatare a ofis, ɗalibar da ke haɗa kundin kammala karatu, da yaron da ya fara koyon rubuta manhaja. Sai dai maganar za ta fi karkata ga masu koya wa wasu, wato malaman cibiyoyin koyon kwamfuta da duk mai rubuta bayanin yadda ake amfani da manhaja, ko littafi ne guda, ko shafi ɗaya da ake maƙalawa a bango.

Ga aikin da nake nufi. Ɗaliba ta kawo kundi mai shafi 120, malamin da ke duba aikinta ya ce duk inda aka rubuta "Nigeria" a mayar da shi "Nijeriya". Mai bugawa ya gyara zama, ya ƙura ido, yana gangarawa layi bayan layi, in ya gani ya goge ya sake rubutawa. Kafin la'asar idonsa ya yi ja, kuma duk da haka sai an sami wuri biyar ko shida da suka kuɓuce masa. Alhali a Microsoft Word, da ya riƙe madannin da aka rubuta wa Ctrl, wanda muke kira kwantirol, ya taɓa harafin H, da akwati ya buɗe masa mai gurbi biyu, na sama na kalmar da ake nema, na ƙasa na wadda za ta maye gurbinta. Aikin wuni sai ya koma na minti guda.

Kada wani ya ɗauka a wajenmu kaɗai ake wannan wahala. A 2011 wani mai bincike a kamfanin Google, Dan Russell, ya shaida wa mujallar The Atlantic ta Amurka cewa kashi 90 cikin 100 na mutanen da suka yi nazari a kansu ba su san kwantirol da F ba, wato hanyar yanken da ake neman kalma da ita a cikin takarda ko shafin intanet. Wannan fa nema ne kawai, ba a zo kan sauyawa ba.

Ni dai ban ga laifin mutane a nan ba. Ku buɗe sashen taimako na manhajoji da yawa, abin da za ku tarar shi ne dogon jeri, madanni kaza aikinsa kaza, madanni kaza aikinsa kaza, har ɗaruruwa. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma wanda ya riga ya sani shi kaɗai jerin ke yi wa amfani. Tamkar baƙo ne ya sauka a tasha ya tambayi hanyar asibiti, aka miƙa masa takardar sunayen duk unguwannin garin. Shi wanda ke cikin matsala bai zo neman "kwantirol da H" ba, don bai ma san da shi ba. Abin da ke ransa shi ne, "yaya zan canza kalma ɗaya a duk cikin takarda?" To da wannan jimla ya kamata kan bayanin ya fara, da bakin mai tambaya. A ƙarƙashinta kuma a tara 'yan uwan aikin wuri guda: yadda ake nema, yadda ake wucewa wuri na gaba da kalmar ta fito, yadda ake komawa na baya, da yadda ake sauyawa. Ba daidai ba ne a ajiye F a shafi ɗaya, H a wani shafin, don kawai haka jerin abacada ya kawo su.

Abu na gaba da bayani yakan yi shiru a kai shi ne: a wace manhaja, kuma a wace irin kwamfuta? Kwantirol da H a Word, da Notepad, da LibreOffice Writer, akwatin sauyawa yake buɗewa. A Chrome kuwa tarihin shafukan da ka ziyarta zai zubo maka. A kwamfutocin Apple akwai madanni mai suna Command da ke yin yawancin aikin kwantirol, amma in ka haɗa shi da H, manhajar gaba ɗaya ce za ta ɓuya daga idonka, sabon shiga ya ɗauka aikinsa ya salwanta. Shi ya sa a Google Docs, kan irin wannan kwamfuta, sai ka haɗa uku: Command da Shift da H. Ko cikin gida ɗaya ma ba a tsira ba. A tsohuwar manhajar wasiƙu ta Microsoft mai suna Outlook, kwantirol da F tura wasiƙa yake yi ga wani mutum. Daɗaɗɗen ma'aikacin Microsoft, Raymond Chen, ya rubuta a 2014 cewa tun 1995 aka yi haka, saboda wani mai gwada manhajar ya nemi a yi, kuma mai gwajin nan Bill Gates ne.

Wannan rarrabuwa tana da asali. Manhajojin rubutu irin su vi, da Bill Joy ya rubuta a 1976, da Emacs, wadda ita ma a shekarar ta samo tushe, sun riga duk wata yarjejeniya kan madannai zuwa duniya. Kwamfutar Macintosh ta Apple sai a 1984 ta fito, ƙa'idojin da kamfanin IBM ya shimfiɗa don manhajoji su riƙa kama da juna kuma sai a 1987. Sannan a tsoffin na'urorin da ake magana da babbar kwamfuta ta cikinsu, kwantirol da H na nufin koma baya harafi ɗaya, don haka masu waɗannan manhajoji ba su ɗora masa aikin sauya kalma ba. A Emacs ma ƙofar neman taimako ce, kwantirol da S kuma, wanda yawancinmu muka saba adana aiki da shi, can nema yake yi. Mai rubuta bayani ba sai ya karanto wannan tarihi ba. Abin da ke kansa shi ne layi ɗaya na gargaɗi: in ka saba da Word, hannunka zai kai ga kaza, a nan kuwa kaza ne zai faru.

Bari mu matsa kusa da manhaja ɗaya mu dube ta da kyau. Akwai wata 'yar ƙarama mai suna nano, wadda Chris Allegretta ya fara a 1999. Duk matashin da ya soma koyon Linux, da wuya ya yi mako guda bai ci karo da ita ba. Masu ita sun yi abin yabo: sun jera hanyoyin yanke a layi biyu na ƙasan fuskar kwamfuta, kullum suna gabanka. Sai dai ga yadda suke rubuta su. Gaban yawancin haruffan akwai wata alama mai kama da 'yar hula, wadda ke kan lamba 6 a yawancin kibod ɗin Turanci. Hula da W, nema, a tsohuwar fitowarta. Hula da X, fita. Su a wajensu hular nan tana nufin ka riƙe kwantirol. Sabon ɗalibi bai san haka ba. Sai ya danna Shift da 6, hula ta fito a cikin rubutunsa, ya ƙara W, ita ma ta fito, ya zauna yana jira, babu abin da ya motsa, kuma ga shi ya cusa haruffa biyu cikin fayil ɗin da aka ce ya gyara. Fassarar alamar tana nan a shafin taimakonsu, amma shi kansa shafin da hula da G ake buɗe shi.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, a Word ita wannan hular rubuta ta ake yi da gaske. In kana son nemo inda sakin layi ya ƙare, hula da ƙaramin p za ka buga a cikin gurbin nema. Alama ɗaya, a nan danna, a can rubuta. Haka harafin M da ɗan karan tsakiya da ake gani a nano da Emacs. Yana nufin madannin Meta, wanda ya kasance a wasu kibod na masu bincike a jami'o'in Amurka a shekarun 1970, kuma babu shi a kwamfutar da ke gabanka. Madannin Alt ne ya gaje shi. A nan darasin koyo na Emacs ya yi daidai, don tun a layukansa na farko yake warware ma'anar waɗannan alamomi kafin ya umarce ka da danna komai. Haka ya kamata kowane bayani ya yi. Kada a yi amfani da alama sai an faɗi ma'anarta, a kuma faɗi ko riƙewa ake yi tare, ko dannawa ɗaya bayan ɗaya.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, da na Chadi da sassan Kamaru, ga taku ta musamman. Da yawanku kibod ɗin Faransanci kuke amfani da shi, wanda layinsa na sama ya fara da A, Z, E, R, T, Y. A nano, sauya kalma kwantirol ne da karan da ya jingina baya. A kibod ɗin Amurka wannan kara yana da madanninsa. A na Faransa sai an haɗa AltGr da madannin 8 kafin ya fito, ka ga in aka ƙara kwantirol yatsu sun rikice. Masu nano sun tanadi wata hanya, Alt da R, amma sai wanda ya shiga cikin shafin taimako yake ganinta. Bayanin da aka rubuta don mutanen Nijar, da ita ya kamata ya fara. Haka kuma Word ɗin Faransanci ba kowane madanni ne ya yi daidai da na Turanci ba. Kaurara rubutu, alal misali, kwantirol da G ne a can, a na Turanci kuwa kwantirol da B. Saboda haka malamin da ya fassara takardar Turanci ya raba wa ɗalibai ba tare da ya gwada a kwamfutarsu ba, ya ba su rabin gaskiya.

Ko manhaja ɗaya ma tana canzawa. A watan Mayun 2024, da nano ta 8.0 ta fito, an mayar da kwantirol da F ya zama na nema, kamar yadda sauran duniya ta saba. Wanda ke da tsohuwa, kwantirol da F gaba yake matsar da shi harafi ɗaya. A rubuta lambar fitowar manhaja a saman bayani, a rubuta shekara.

Yanzu ga inda na fi damuwa, kuma nan ne yawancin bayanai suke tsayawa tun ba su kai ba. Ka danna, akwati ya buɗe. Sai me? Me manhaja za ta tambaye ka, me za ka amsa, in kuma ka yi kuskure ta ina za ka koma? A nano, bayan ka rubuta kalmomin biyu, za ta tsaya a kan kowane wuri ta tambaye ka: Y a sauya, N a wuce, A a sauya duka, kwantirol da C a fasa. A Vim, wadda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, umarnin sauyawa layi ne da ake rubutawa, kuma in ka ƙara harafin c a ƙarshensa, za ta riƙa neman izininka a kowane wuri. In ba ka ƙara ba, ba ta tambaya. Harafi ɗaya ke nan tsakanin aiki da ɓarna, amma sau tari sai ka ga an koyar da umarnin babu shi. Maganar hanyar fita kuwa kada a raina ta. Tambayar da wani ya yi a shafin Stack Overflow kan yadda ake fita daga Vim, an buɗe ta sau miliyan 1 kafin tsakiyar 2017.

Ku ji abin da sauya duka ke iya yi in an saki masa linzami. A 2012 wani mai karatu a Amurka ya lura da wata baƙuwar kalma a cikin fassarar Turanci ta littafin War and Peace na Tolstoy, a bugun da ake karantawa kan na'urar Nook. Da alama an ɗauko bugun da aka shirya wa na'urar Kindle ne, aka ba da umarnin duk inda sunan Kindle ya fito a mayar da shi Nook. To a Turanci wannan kalma tana kuma nufin kunna wuta. Duk inda marubucin ya yi maganar kunnawa, sai sunan na'ura ya faɗa wurin.

A Hausa abin ya fi haka sauƙin faruwa. A ce marubuciya ta gama labari, ta ga sunan tauraron, Ali, bai kwanta mata ba, tana son Bala. Ta buɗe akwati, Ali a sama, Bala a ƙasa, ta danna sauya duka. Aliyu ya koma Balayu. Ba a nan ya tsaya ba, don haruffan nan uku suna cikin Halima, suna cikin ɗalibi, suna cikin asali da hali da wali, kuma duk sai sun lalace. Maganin yana cikin akwatin nan, amma a Word sai ka danna More kafin ka gan shi: wurin da ake zaɓar a nemi cikakkiyar kalma kawai, da wurin da ake zaɓar a bambanta babban harafi da ƙarami. Bayanin da ya koya wa mutum kwantirol da H, ya bar waɗannan biyun sai wani babi can gaba, ya cuce shi. Wurinsu yana nan manne da madannin, a numfashi ɗaya.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. A wajen kwamfuta ƙ harafi ne daban, ba ya da wata dangantaka da k. In ka nemi "kasa", a yawancin manhajoji ba za a nuna maka "ƙasa" ba. Wani sai ya ce to ai ga dama ta samu, bari in gyara tsohon rubutun da aka buga babu lanƙwasa. In ya mayar da duk "kasa" ta zama "ƙasa", ya ɓata "ya kasa zuwa". In kuwa ya kuskura ya mayar da duk "da" ta zama "ɗa", zaɓen cikakkiyar kalma ma ba zai cece shi ba, don duka biyun cikakkun kalmomi ne, kuma da wuya a yi layi biyu na Hausa babu "da". Irin wannan sai ɗaya bayan ɗaya, da ido a buɗe. Inda sauya duka ke da amfani sosai shi ne rubutun da aka buga da k da waƙafin sama a madadin ƙ, ko d da waƙafi a madadin ɗ. Nan ma a lura da babban harafi, don wata manhajar tana kula da shi da kanta, wata ba ruwanta.

Shi kansa waƙafin saman yana da nasa rikicin. Word kan lanƙwasa shi da kanta yayin da kake bugawa, kuma a kalma irin 'ya'ya, na farko yakan juya wani gefe, na biyu wani gefen. In aka kwashe rubutun zuwa manhaja irin Notepad aka nemi kalmar da miƙaƙƙen waƙafi, sai ta ce babu, alhali ga ta nan birjik. A Nijar kuma da harafin ƴ mai lanƙwasa ake rubuta wannan sauti. Mai shirya littafi ɗaya don ƙasashen biyu dole ya san wannan kafin ya taɓa sauyawa. Babu littafin jagora na Turanci ko Faransanci da zai kawo waɗannan misalai, don ba matsalar masu rubuta su ba ce. In ba mu rubuta su ba, babu mai rubuta mana.

To me za a sa a hanyar komawa? Abu uku ne, kuma gajeru ne. A adana kwafin fayil da wani suna kafin a fara. A fara da nema kawai, a ga sau nawa kalmar ta fito, don Word tana nuna adadin a gefe, sannan bayan sauyawa tana faɗin wuri nawa ta taɓa. In kana zaton 20 ta ce maka 600, tsaya nan, kada ka ƙara danna komai sai kwantirol da Z, wanda a Word ke janye sauyawar gaba ɗaya a dannawa ɗaya. A kuma gaya wa mai karatu cewa in ya adana ya rufe fayil, wannan dama ta wuce.

Gyaran bayani ba sai wani babban kamfani ya ba da izini ba. Manhajoji irin LibreOffice da Vim da nano a buɗe suke, kowa na iya aika wa masu kula da su gyara ko shawara, har kan rubutun taimakonsu. Vim ma tana zuwa da wani darasi mai suna vimtutor na kimanin minti 30, wanda ke buɗe maka kwafin rubutu, ya nuna maka layi mai kuskure, ya ce gyara shi da hannunka. Wannan tsari ya cancanci a kwaikwaya, kuma malamin cibiyar kwamfuta na iya yin irinsa da Hausa a shafi ɗaya: sakin layi guda da aka cusa wa Ali da Aliyu da Halima da ɗalibi, a ce wa mai koyo ya canza Ali kaɗai.

Bayan an rubuta, a gwada. Ka samo wanda bai taɓa yin aikin ba, ka miƙa masa takardar, ka zaunar da shi gaban irin kwamfutar da zai yi aiki da ita, ka koma bayansa ka yi shiru. Kada ka nuna masa da yatsa, kada ka ce "a'a, ba nan ba". Ka riƙe biro. Duk inda hannunsa ya tsaya a kan kibod, duk inda ya ɗago ya dube ka, ka sa alama a wannan layin na takardar, don nan ne akwai abin da kai ka sani ba ka rubuta ba. Ka gyara, sannan ka samo wani sabon mutum, don na farkon ya riga ya gane hanya.